Ruwa Ya Yi Ɗumi

Ƙanwata Auta ba ta taɓa sha'awar fim ba. Ko talabijin aka kunna, kafin a gama nuna sunayen 'yan wasa ta fara gyangyaɗi. Amma yau idan ka tambayi samarin layinmu wace fatalwa ce ta fi ba su tsoro, ita za su nuna maka, tana can tana shanya wandunan yara a igiya.

Ni ce babba a ɗakinmu, ita ce ta ƙarshe, don haka tun tana rarrafe na san ta. Doguwa ce siririya, hannuwanta kamar an ƙara musu tsawo daga baya. Ba kyakkyawa ba ce, ni ma haka, a gidanmu ba a gadon wannan. Ta auri direban babbar mota, ya rasu ya bar ta da ɗa guda. Ba ta sake aure ba. Masu so sun zo, ta ce ita ta gama wankin kayan maza. Ta nemi aiki a asibiti, aka ba ta shara da goge-goge a ɗakin yara marasa lafiya, kuma a can ta tsufa. A can ne ta koyi tafiyar da ba ta da sauti. Yaron da ya sha kuka ya samu barci da ƙyar, idan takalminki ya tashe shi uwarsa ba za ta yafe miki ba. Har yanzu sai dai ka juya ka gan ta tsaye a bayanka. Na sha gaya mata ta riƙa gyaran murya, hawan jini gare ni.

Da ta ajiye aiki, ɗanta da ke zaune a wani gari mai nisa ya ce ta tattara ta koma wurinsa. Ya ware mata ɗaki da fanka da kujera mai laushi. Ta je ta gani ta dawo.

"Yaya," ta ce da ni, "kujerar nan idan na zauna a kanta, sai dai a zo a ɗauke ni."

Sai ta fara raino a ɗakuna biyun da take haya. Matan da ke fita aiki su kawo yara da safe, su ɗauka da yamma: akwai nas, akwai malamar firamare, akwai mai shagon ɗinki, da wasu. Ta buga ƙusoshi a bango daidai tsawon yaro, kowa da inda yake rataye jakarsa. Yaran suna ce mata Iya. Ɗan nata ya haƙura, amma da sharaɗi: ranar da aikin ya tsaya, ba zai bar uwarsa zaune ita kaɗai a ɗakin haya tana kallon bango ba, mota zai turo. Ta yarda, don ba ta ga ranar da mata za su daina haihuwa ba.

Doka ɗaya gare ta da ba ta karyawa: yaro ba ya fita daga ɗakinta da datti. Idan rana ta yi sanyi sai ta ɗora ruwa, ta sirka a koren baho, ta tsoma gwiwar hannu ta ji. Sannan daga cikin banɗakin, ƙofa a ɗan buɗe, ta kira su ɗaya bayan ɗaya da murya ƙasa-ƙasa, tana jan maganar:

"Taho-taho, ɗan nawa, ruwa ya yi ɗumi."

Mace ko namiji, duk "ɗan nawa" ne. Yaran har rige-rige suke yi.

Muna da ɗan ɗan'uwa mai gyaran waya, wanda ke ɗaukar bidiyo a wurin taro idan ya samu. Shi ya raɗa wa kansa suna Darakta, ya dage har sunan ya bi shi. Wata rana ya ce zai yi fim na ban tsoro. Labarin wani mutum ne da ya kama hayar gida mai araha, bai tambayi dalilin arahar ba. Kayan aikinsa kyamara ɗaya ce da fitila ta aro, 'yan wasan kuwa duk wanda zai yarda ya yi don abinci. Ƙato, makanike na bakin titi, shi ne mai hayar. Yarinyar da za ta fito a fatalwa ta yi fushi ta tafi saboda an ce ta cire gashin idon da ta manna. Sai ga Darakta a ɗakin Auta, ya durƙusa kamar mai neman gafara. Ina zaune.

"Goggo, ba wani abu za ki yi ba. Tafiya ce kawai, daga nan zuwa can."

"Idan tafiya ce ka sa Yaya mana."

"Goggo babba tana jan ƙafa," in ji mara kunyar. "Tun daga kan kwana ake jin zuwanta."

Na ce masa fatalwar da ake jin zuwanta ta fi mutunci. Auta dai ta yarda, don uban yaron ya rasu kuma ba ta iya ce masa a'a. Da yake ba shi da halin kama gida, ya ɗauki hoton wajen gida a wani kango, cikin kuwa a ɗakunanta, ranar da babu yara. Babu wanda ya tsaya ya yi tunani a kan wannan a cikinmu.

Ya shafe ta da hoda, ya lulluɓe ta da farin zane, ya tsayar da ita cikin banɗaki bayan ƙofa. Abin da za ta faɗa wa Ƙato shi ne, "Zan sha jininka!" Ta faɗa, ta tuntsire da dariya. Aka sake, ta sake.

"Wace babbar mace ce ke magana haka?" ta ce. "Ko mahaukaciya ai ba ta sanar da abin da za ta sha."

Man janareta na ƙarewa, Darakta yana zufa. Ya ce, "Goggo, don Allah faɗi duk abin da ya zo bakinki. Ki dai kira shi ya shigo."

To, mace tana tsaye a banɗakinta, bayan ƙofarta, ga bahonta a gabanta, an ce ta kira mutum ya shigo. Me zai zo bakinta? Ƙato ya rantse daga baya cewa shi ba wasa ya yi ba a wurin. Ya ji muryar, tsikar jikinsa ta tashi, ƙafafunsa suka kai shi da kansu. Ƙaton mutum da gemu ya sunkuyar da kai ya shiga kamar yaron da aka yaye jiya, ƙofa ta rufe. A cikin labarin bai sake fitowa da rai ba.

Da fim ɗin ya fita, wannan wurin kaɗai mutane suka yanka suna tura wa juna a waya. Na gani, kuma gaskiya ce ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a bayana, ni da na san wadda ke bayan ƙofar tun ba ta da haƙori. Duk wanda aka taɓa yi wa wanka yana yaro ya san muryar nan. Manya kuma sun san akwai wani wankan da ake yi wa mutum bai san an yi ba. Dodo mai ihu, ka gudu ka tsira. Wanda ya kira ka da tausayi, da kanka za ka je. Darakta bai san ya yi wannan ba, faɗo masa ya yi, amma yana yawo a unguwa kamar shi ya ƙirƙiro tsoro.

Yayyen yaran da Auta ke raino su ma suna da wayoyi, ko suna ɗaukar na iyayensu. Suka nuna wa ƙannensu. Idan aka ɗauke wuta sai wani ya laɓe bayan labule ya ce "taho-taho". Yaran ba fatalwa suka gani ba. Ƙofar Iya suka gani, da koren bahon da ake saka su a ciki kullum.

Wata yamma Auta ta sirka ruwa ta yi kira, shiru. Ta sake. Da ta leƙo, ɗakin wayam, sai ƙafafu a ƙarƙashin gado. Wadda ta jagorance su 'yar nas ce, yarinya 'yar shekara biyar da muke kira Alƙaliya, don ita ke yanke hukunci idan an yi faɗa a kan abin wasa. Ɗan malamar firamare ya jiƙa wandonsa. Ranar aka mayar da su gida babu wanka, karon farko tun da ta fara aikin.

Daga nan sai kuka kowace safiya a bakin ƙofa, yaro ya ƙanƙame zanen uwarsa. Nas ɗin ba ta yi kwana-kwana ba.

"Iya, ni ba ni da matsala da ke, Allah ya sani. Amma aiki nake zuwa, ba zan iya kokawa da yarinya kullum ba. Jiya a gida ma ta ƙi wanka, sai da na goge ta da tsumma."

Ɗaya bayan ɗaya jakunkuna suka bar ƙusoshi. Labari ya kai wa ɗanta, ya bugo waya cike da murna, ya ce ƙarshen wata mota na zuwa. Auta ba mai kuka ba ce. Na same ta tana naɗe kwanuka da tsofaffin zannuwa tana jerawa a kwali.

"Ni na yi kiran nan a fim da bakina," ta ce. "Wa zan kai ƙara?"

Na tafi shagon Darakta na ce ya janye abinsa. Ya ce abin da ya shiga wayoyin mutane ba ya janyuwa, kuma wannan gaskiya ce. Na ce to ya ba ni fim ɗin gaba ɗaya. Na kai gida, na sa tabarau, na kalle shi a talabijin daga farko har ƙarshe, abin da nake jin ban da ni ba wanda ya yi. Kafin in kai rabi haƙarƙarina na ciwo. Na koma wurinsa.

"Ranar Asabar da hantsi za mu nuna fim ɗinka a ɗakin Auta. Da yaran da iyayensu. Ni zan riƙe rimot."

Ya gane nan take. "Haba Goggo! Kashe min suna za ki yi."

"Abin da ka yi da kyau ya kore mata yara. Sauran shirmen kuwa yana nan jibge ba ya amfanar kowa, bari mu yi aiki da shi. Kuma za ka zo ka zauna a gaba."

Shawo kan iyayen ya fi wuya, amma ba su samu inda ya kai ɗakin Auta tsabta ba, don haka yawancinsu sun zo. Muka buɗe tagogi duka, rana ta cika ɗakin. Auta ta zauna a gefe da kayanta na kullum, hannu a cinya. Yaran suka maƙale a jikin iyayensu. Na ce musu wasa za mu yi: wanda ya yi fim ɗin nan ga shi zaune, ya yi kurakurai da yawa, duk wanda ya gano ɗaya ya ɗaga hannu.

Fim ya fara, aka rubuta cewa tsakar dare ne. Na tsayar. Na ce, "Mene ne wancan a taga?" Bargo ne aka rataya, kuma ta hujin bargon rana ta shigo kamar mashi. Daga waje ana jin mai ruwan sanyi yana talla. Malamar firamare ce ta fara dariya.

Ƙofa ta rufe kanta. Na mayar baya, na tsayar. Ga zare, ga hannun da ke jan zaren, har da agogo. Ƙato ya ruga cikin ɗaki da shuɗiyar riga, ya fito da fara. Jini ya malala a ƙasa, kuma ƙarƙashin tebur ga gwangwanin jan fenti da buroshi a ciki. Sai fatalwa ta gilma a tsakar gida. A nan ba na rage mata, tafiyar ta yi kyau, kamar ba ta taka ƙasa, yaran suka ɗauke numfashi. Na tsayar, na ce a dubi ƙasan zanen. Matar da aka ce ta mutu shekara ɗari da suka wuce tana sanye da silifa na roba, ɗaya an ɗaure shi da waya. Zanen kansa akwai 'yan furanni a bakinsa.

"Zanen gadona ne," na ce. "Har yau bai dawo ba."

"Zan kawo, Goggo," in ji Darakta, kansa a ƙasa.

Daga nan yaran suka karɓe aikin. Su suka gano gawar mai gadi tana korar ƙuda daga hancinta. Su suka ji lokacin da fitila ta yi ƙasa wani ya ce "mai ya ƙare" a daidai inda ake kukan mutuwa. Alƙaliya ce ta hango madubi, ta sauka daga cinyar uwarta ta je ta dangwala yatsa a talabijin: ga Darakta a ciki da kyamara, baki buɗe.

"Kai ne! Me ya sa bakinka a buɗe?"

"Haka nake idan ina aiki," ya ce. Mai shagon ɗinki har da hawayen dariya.

Sai aka zo wurin banɗaki. Na san da shi. A gida na mayar da shi baya har yatsana ya gaji, ban samu abin kamawa ba. Kyamarar ba ta rawa, domin hannun Darakta ya gaji ya ɗora ta a kujera. Babu kiɗan tsoratarwa, domin ya manta bai saka ba. Ƙofa ce kawai a ɗan buɗe, da tururi na fita ta ƙasa, da muryar. Dariya ta ɗauke kamar an rufe famfo. Ƙato ya shiga, ƙofa ta rufe. Na tsayar, ba ni da abin nunawa. Ɗan malamar ya fara taɓe baki.

Alƙaliya ta juya ta dubi Auta.

"Iya, ke ce a ciki?"

"Ni ce."

"Me kika yi masa?"

"Ba abin da na yi masa. Tsayawa ya yi a gefen baho yana taka min ƙafa."

"To ina yake?"

Darakta ya yi caraf ya ce ai yana gareji yana aiki, lafiyarsa lau.

"A kawo shi," in ji ta.

Na dubi Darakta, ya tashi ya hau babur. Yaran suka zauna jugum, ba wanda ya nemi tafiya. Ba a daɗe ba sai ga shi da Ƙato a baya, baƙi ƙirin da man inji tun daga gemu har ƙafa, sifana a aljihu. Ƙato ya yi sallama zai shigo.

Auta da ta wuni ba ta ɗaga murya ba ta miƙe tsaye. "Kai, tsaya nan! Da wannan ƙafar za ka taka min ledar da yara ke kwanciya? Dubi hannunka. Wuce ka wanke!"

Ƙato ya ja da baya ya dafe ƙirji. "Iya, ki yi min rai. Banɗakin nan naki ni da shi har abada. A ba ni buta a waje."

Yaran suka fashe. Ya tsuguna a bakin ƙofa yana wanke hannu, Auta na tsaye a kansa tana nuna masa tsakanin yatsu. Alƙaliya ta matso ta tsaya a gabansa, hannu a ƙugu.

"Ka mutu?"

"Na mutu mana. Amma aka ce an gama ɗauka, sai na tashi. Akwai motar wani da na bari a buɗe."

"Ruwan da zafi?"

"Ranki ya daɗe, ko taɓa shi ba a bar ni na yi ba. Cewa aka yi na yara ne."

Ta daɗe tana kallonsa, ta sa yatsa ta dangwali gemunsa ta duba. Sannan ta koma wurin uwarta. Aka watse, Auta ta share ɗakin, kwalayenta na nan a kusurwa a ɗaure.

Darakta ya yi fushi da ni na ɗan lokaci. Yanzu samari na taruwa su kalli fim ɗinsa don dariya, suna rige-rigen gano zare da gwangwani, har a zo wurin ƙofar kowa ya yi shiru. Na gaya masa mutane da yawa sun kashe dukiya ba su samu ko wannan ɗin ba, ya daina kumbura ya koyi rataye bargo.

Ranar Litinin da ta biyo bayan Asabar ɗin na je ɗakin Auta da sassafe, na ce gaisuwa na zo. Malamar firamare ce ta fara kawo nata, yana ɗan noƙewa amma ya shiga. Wasu suka biyo. Mai shagon ɗinki ba ta dawo ba, ta riga ta kai nata wurin wata, kuma ba ta yi laifi ba. Nas ce ta zo a ƙarshe, a makare kamar kullum. Alƙaliya ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta, ta karanto hukunci: ƙofar banɗaki a buɗe take gaba ɗaya, Iya za ta fito a gan ta kafin ta kira kowa, kuma ita ce za ta fara taɓa ruwan.

"Na ji, ranki ya daɗe," in ji Auta. "Shigo ki rataye jakarki."

Wajen azahar wayarta ta yi ƙara, ɗan ne, yana tambayar ranar da direba zai taso. Ta maƙale wayar a kafaɗa tana ɗaure wa wani wando.

"Kada ka turo kowa," ta ce. "Ina da aiki."

Ya fara magana mai tsawo, amma ba ta ji ƙarshenta ba. Ta miƙo min wayar ta yi banɗaki da sauri, don ɗan malamar ya samu sabulu yana ci.